Hajiyar da Ke Bitar Turanci a Keke

A cikin keke mai ƙafa uku daga unguwar Sabo zuwa Mokola, wata dattijuwa na zaune kusa da ni. Hijabinta ruwan toka ne, an ɗaure ƙafar gilashinta da zare. Idonta a rufe, leɓɓanta na motsi, tana bin gaɓoɓin yatsunta. Na ɗauka addu'a take yi, na ce, "Amin, Hajiya, a sa da mu."

Ta buɗe ido. "Ɗana, Turanci nake bita. Asabar jarrabawa. In na faɗi, ba ni ba karatun jinya."

Wataƙila sai da ta aurar da 'ya'yanta ta waiwayi kanta.

Ta miƙo wani littafi da ke kan cinyarta. "Kai ɗan boko ne, duba min wannan tambayar."

Na duba, na sake dubawa, na ce wa direba, "Nan zan sauka." Ragowar hanyar a ƙafa na ƙarasa.