Hannu a Kan Sikeli

A kan shinkafa kilo ɗaya muka fara rigima da Mai Sikeli. Na shiga shagonsa da waya a kunne, autata tana ba ni labarin haƙorin jaririnta, na nuna masa buhu da leɓe. Bawan Allahn nan sai ya kifa tafin hannunsa a kan sikeli, ya tsaya yana kallon rufi.

"Auna mana!" na ce.

"Inna, gama tukuna. Ba na auna wa rabin mutum."

"Ni ce rabin mutum? Na yi goyon wanda ya girme ka!"

Na wanke shi tas na fita. Kafin azahar na dawo, don shinkafarsa ba ta da tsakuwa.

Ka'idarsa ke nan tun da waya ta shigo hannun mutane. In kana magana da wani can, hannunsa na kan sikeli har ka kashe, ka dube shi, ku gaisa. Ba girman kai ba ne. A cikin gaisuwar yake aikinsa. Nan zai ji kana da mara lafiya a gida, ya ƙara maka sukari a kan awo. Nan zai rage murya ya ce, "Bar waken nan, ya fara ƙwari, ɗauki na bayan ƙofa." Wanda ke waya kuwa, ta ina za a gaya masa?

Sai aka buɗe babban kanti a tsallaken titi, inda kowa ke ɗiban kayansa da kansa, yarinyar da ke bakin ƙofa ma igiyar waya ce a kunnuwanta. Can ba mai tsayar da kai. Mutane suka koma ɗaya bayan ɗaya. Wani matashi ya ɗauki hotonsa hannu a kan sikeli, ya yaɗa, unguwa ta sa masa Baba Kashe-Waya. Masu shigowa don tsokana suka fi masu saye yawa. Babban ɗansa ya ce, "Baba, ciniki ka fito yi ko tarbiyya?" Shi kuwa Mai Sikeli kullum zai share shago, ya goge sikeli, ya zauna yana kallon buhuna suna ƙwari.

Zuwana na ƙarshe, na tarar da wata budurwa tana ƙyaƙyata dariya a waya. Ta nuna gishiri da yatsa. Na jira hannun nan ya sauka. Ina! Ya ɗiba, ya auna, ya ƙulle. Ta fizga ta fita, ko fuskarsa ba ta gani ba.

"Sannu. Kai ma ka sallama?" na ce.

"Inna, tun jiya ke ce ta farko da ta ce min sannu." Ya share gumi. "Ƙarshen wata yara za su ba da shagon haya. Mai gyaran waya ne zai shiga."

Muna tsaye wayata ta yi ƙara a bakin zani. Na ciro ta da gangan, na kara a kunne, na nuna buhu da leɓe kamar ranar farko. Bai ko dube ni ba, ya miƙa hannu ya ɗauki kwanon awo.

Na ce, "Ajiye kwanon nan, ɗan nema. Ɗora hannunka a kan sikeli. Ba ka ga rabin mutum a gabanka ba ne?"