Ranar da Aka Narka Tukunyar Kaka

Tukunyar da mahaifiyata ta gada daga uwarta ta tsage a gindi a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Ta sanholo ce, farin ƙarfen nan maras nauyi, kuma a cikinta aka tuƙa tuwon da ya raine mu duka. Sau biyu ana liƙe ta. A karo na uku ruwan cikinta ya tsiyaye ya kashe wutar murhu. Ina gida a lokacin, na zo hutu daga wurin aiki, na ce zan sayo sabuwa a Maraɗi. Inna ba ta ko ɗago kai ba.

"Wagga nake so," ta ce.

Muka kai ta wurin mai zuba tukwane a bayan kasuwar Madarunfa. Ɗan kawun Inna ne, taubashinta, don haka ba sa gaisawa sai da tsiya. Ya ɗaga tukunyar ya leƙa rana ta tsagar.

"Wagga ai rariya ce. Ki kai ta ki tankaɗe gari."

"Ta girme ka, kuma ta fi ka amfani. Narka ta za ka yi, ka maido min da ita."

Ya ce zai iya, amma ƙarfenta ba zai isa ba. Shekaru sun cinye ta, kuma in ta narke wani kaso zai taso a matsayin datti a kwashe. Ya nuna tulin da ke gefensa: gwangwanaye, murafe, tsofaffin butoci da ake kawo masa daga garin Ɗan Issa. Daga nan zai cike.

"Butar wa?" Inna ta ce. "Wadda ban san bayan gidan da ta zagaya ba? A tukunyar uwata?"

Muka dawo da ita.

Baba yana da wani injin ban-ruwa da ya mutu tun shekaru biyar, na lambunsa da ke bakin tafki. Yana ƙarƙashin rumbu a naɗe cikin buhu, kuma kowace shekara Baba yakan ce bayan girbi zai gyara shi. Inna ba ta roƙe shi ba. Ta dai zauna kusa da inda yake alwala, ta ba ni labarin duk abin da ya faru da babbar murya, kamar ba tare muka je ba. Washegari ya fito da injin, ya kwance gangar jikinsa ta sanholo, ya wanke ta da toka.

"Ungo," ya ce mata. "Wannan dai kin san inda ya zagaya."

Da muka koma wurin mai zubi, na kalli aikin daga farko. Taubashin ya cike tsagar da yumɓu, ya kifa tukunyar cikin akwatin katako, ya danna ƙasa mai danshi ciki da waje har ta ɗauki siffarta. Ya zare ta a hankali. Sannan ya ɗauki guduma. Nan ne kawai Inna ta juya baya, kuma shi ma bai yi mata tsiya ba. Gutsattsarin suka shiga wuta tare da ƙarfen Baba, ana juya ƙafar keke tana hura gawayi, har suka zama ruwa mai sheƙi. Ya kwashe dattin, ya zuba narkakken ƙarfen cikin akwatin ta wata ƙaramar kafa.

Da aka fasa ƙasar, tukunyar ta fito fara tas. A bakinta, kusa da kunne ɗaya, akwai wata lotsawa. Ƙasar ta kwafo ta daga tsohuwar. Ya ɗauko magagari zai goge.

"Kar ka taɓa!" Inna ta riƙe hannunsa. "Nan uwata take buga muciya in ta gama tuƙi."

"To sai ki shaida ma mutane ba aikina ba ne. Ni ba na zuba karkatacciya."

"Kai ma a karkace aka zubo ka, ga shi ana zaune da kai."

Ta jira ta huce, ta shafa wurin da babban yatsa. Na miƙa hannu zan ɗauka, ta ce in bari. Ta naɗa gammo, ta ɗora ta a ka, ta shige gaba.