Abin da Ciwo Ya Bar wa Mama

Ranar da na fara zuwa gaida surukata, ban same ta a falo ba. Ɗanta ya zagaya da ni bayan gida, muka tarar da wata 'yar siririyar mata durƙushe cikin laka, tana dasa albasa tana waƙa. Muryar ta fi jikin girma nesa ba kusa ba. Sai da ta kai ƙarshen baitin sannan ta ɗago ta dube ni.

"Amarya, kin iya riƙe fartanya?"

"Ban iya ba, Mama."

"Madalla. Gara ke da mijin naki, shi ya iya amma a karkace."

Amarya take kirana tun daga ranar, har na tare a gidan, har na haifi 'ya'ya uku.

Lambun nan juji ne lokacin da ita da mijinta, wani kafinta mai yawan barkwanci, suka tare a gidan. Fasassun kwalabe ne da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. A lokacin wanki take yi a asibiti. In ta taso aiki, hannuwa duk sun yi fari da sabulu, sai ta ɗauki rariya ta zauna tana tankaɗe ƙasa kamar mai tankaɗen gari. Mijin yakan leƙo ya ce, "In kwalaben sun tsiro, ki ajiye mini ta lemo." Shi ne kuma daga baya ya kafa mata shinge da ƙyauren katako. Ya rasu kafin gwaibar da ta dasa ta fara 'ya'ya, ya bar ta da yara huɗu, ta rene su tsakanin ɗakin wanki da wannan fili.

A coci kuwa, ta haura shekara arba'in cikin ƙungiyar mawaƙa. Furannin da ake jerawa a gaban bagadi kowace Lahadi daga bayan gidanmu suke fitowa. Ba ta son tsayawa a layin gaba, wai gajarta ba hujja ba ce, amma ko daga bakin ƙofa kana iya tsince muryarta cikin sauran.

Wata safiya muka ji faɗuwar bokiti. Muka same ta kwance tsakanin layin kabeji, baki ya karkace. Ta yi makonni a asibiti, aka sallamo ta ɓarin dama a shanye, magana kuma ta ɗauke. In ta buɗe baki, "to, to" kawai ke fita. Ta juya wa duniya baya, ta fuskanci bango. Ni na karɓi lambun, ya kama lalacewa a hannuna, ina jin kunyar ɗaga labulen tagarta.

Wata Lahadi bayan sujada 'yan ƙungiyarta suka zo dubiya, suka cika ɗakin har bakin ƙofa. Suka yi addu'a, shugabar ta ɗauko wata tsohuwar waƙar yabo. Baiti na farko ya tafi lafiya. A na biyu kuka ya shaƙe shugabar, sauran suka rikice, waƙar ta tsinke. Sai muka ji an ɗauke ta daga kan gado. Mama ce, fuskarta na kallon bango, tana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, tar, babu wadda ta ɓace. Babu wanda ya iya taya ta. Matar fasto ta sulale ta zauna a ƙasa. Mama ta rera baitocin da suka rage ita kaɗai.

Mijina ya durƙusa gabanta. "Mama, kin warke? Yi mini magana."

Ta dube shi ta ce, "To, to."

Likita ya yi mana bayani cewa magana da waƙa ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, ana ganin haka wani lokaci. Na gane bayaninsa sarai, amma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Ita ta gano yadda za ta yi da abin da aka bar mata. Ranar da muka fara tura ta lambu a keken marasa lafiya, ta daɗe tana kallon tumatir ɗin da suka yi yaushi. Ta yi gyaran murya, ta ɗauko karin waƙar da ake buɗe sujada da ita, ta rera a hankali: "Amarya, wa ya ce ki ba su ruwa da rana tsaka?"

Na tsuguna ina dariya hawaye na zuba.

Haka muka zauna da ita 'yan shekaru. Da waƙa take neman shayi, da waƙa take aiken jikoki, su ma su amsa mata da waƙa, gidan ya koma kamar wurin gwajin mawaƙa. Mijina yakan ce bai taɓa jin daɗin faɗa irin na yanzu ba, domin kafin ta gama rera laifinsa ya manta da haushi. Ta koyi dashe da hannun hagu, tana dafe tukunyar fure da gwiwa. Ta koma ƙungiya ma, wannan karon a layin gaba, tunda keke ba ya hawa benci.

Ta rasu wata la'asar da damina, a kujerarta, bayan an gama yayyafi.

Ranar jana'iza wani dattijo mai ɗingishi ya iso da motar ɗaukar kaya, babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce shekaru da yawa da suka wuce ya yi watanni kwance a asibiti da karaya, ba mai zuwa duba shi. Tagar ɗakinsa na kallon wurin shanya, kullum yana jin wata mai wanki tana waƙa, ita ce ta hana shi haukacewa. Sai da aka sallame shi ya tambaya aka nuna masa ita daga nesa, kunya ta hana shi yi mata magana. Ya roƙi a bar shi ya kwashe kujerun da muka ɗauko haya don jana'izar ya mayar a motarsa. Muka bar shi.