Na Je Taksila Ganin Abin da Nasiru Yake Tonowa

Maradun zuwa Sakkwato

Muna sallame asuba muka fito, ni da ƙanena Bala. A fili wankan jego zan je yi wa matar ɗana Nasiru, wanda ke karatun tonon kayan tarihi a Pakistan. Amma akwai wani saƙo. Hotonsa ya zaga wayoyin Maradun, ga shi durƙushe gaban gunki, har an fara yi wa maigidana Malam jaje a masallaci. A bakin mota Malam ya ce, "Ki gano min da idonki. In gaisuwa yaka yi ma abin ga, ki taho min da shi."

A Talata Mafara muka sauya mota. A Lambar Bakura soja ya buɗe jakata, warin daddawa ya mayar da shi baya. "Hajiya, wannan za a shiga jirgi da shi?" Na ce mai jego ce ta yi oda.

Islamabad

Daga Sakkwato sai Abuja, sai wani jirgin da na yi salloli a zaune har ƙafata ta kumbura. Jaririya lafiya lau, hancin Malam sak. Shayinsu duk madara, gurasarsu kamar faifai.

Taksila

Da mai jego ta murmure, Nasiru ya ɗauke ni a mota. Kufai ne a kan tudu: wata curarriyar hasumiyar dutse a tsakiya, ƙananan ɗakuna kewaye da ita. Ya ce wurin ibadar mabiya Buda ne, an watse tun kafin zuwan Musulunci. Na shiga da addu'a a bakina. A madafarsu na ga dutsen niƙa irin na kakata, sai tausayi ya kama ni.

Ga gunkin can a lungu, hannu ɗaya ya karye. Mayafinsa ya tsayar da ni: dutse ne, amma ya yi ninki-ninki kamar jiƙaƙƙen zane a igiya. Na ce wanda ya sassaƙa wannan ya taɓa shanya.

Nasiru ya ce, "Inna, hannun Girkawa ne. Sun zo yaƙi suka zauna, 'yan ƙasa suka koyi sassaƙa wajensu. Dubi gashin ma, irin nasu ne."

Yana faɗa ya durƙusa. Na matso kusa. Sai na ga ya zaro tef irin na tela ya ɗora wa gunkin a hanci, yana kiran lamba, wani mai gemu yana rubutawa. Takalmin Nasiru ma yana bisa ƙafar abin. Da azahar mai gemun nan ya yi wa su Nasiru limanci a gindin bishiya.

Gida

Ban gama kwance kaya ba Malam ya ce, "Mi kika gani?"

"Awon hancinsa yake yi, Malam. Da takalmi a ƙafa."

"Da takalmi?"

"Har ya taka shi."

Sai ya yi dariya. Ya ce yaron da ko gaban kawunsa ba ya tsayawa da takalmi, wannan ba gaisuwa ba ce. "Shi ƙare karatunai. Amma in za a sake ɗaukar hoto, shi miƙe tsaye."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Bala da ya sha ɗaukar daddawa.