Gishirin da na cusa a akwatin launi

Ku matso kusa, ƴaƴana. Wannan ba tatsuniya ba ce, tawa ce, a kaina aka yi ta. Ban yi lakwal ba, wato boko, ban san baƙi ba, faɗi nake ana rubutawa. Sunana kuwa ku bar shi.

Kafin in lalace, mai sayar da gishiri ce ni a kasuwar Madawa. Buzaye su kawo kantu bisa raƙuma, in sara, in kasa. Mijina ya rasu, ɗiyana sun yi aure, abin da nake samu yana isata. Ba yunwa ta kai ni ba, kada in yi wa Allah ƙarya.

Jikin rumfata akwai ta wani dattijo mai gyaran rediyo, Baba Daniyel, Kirista, mutumin kirki. Shekarun nan ne, bayan da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi, samari suka fara shigo da injin wasa daga Sakkwato ta Kwanni. A haɗa shi da tele, mutum biyu su riƙe abin dannawa, su buga ƙwallo cikin gilashi. To amma in an haɗa, sai hoto ya fito baƙi da fari, yana ta hawa sama kamar ana jan guga. Ba ka gane ɗan wasanka daga na abokin karawa. Wa zai biya ya yi wasan da bai san nasa ba?

Na ce, "Baba, mi ke damun abin ga?"

Ya ce, "Injin nan maganar Najeriya yake yi, telenmu kuwa ta Faransa take ji. Sai an sa musu tafinta."

Tafintan wani ɗan akwati ne baƙi, bai kai tafin hannu biyu ba, waya na shiga, waya na fita. Muna ce masa akwatin launi. Cikinsa akwai ƴan sukuru uku ƙanana. Idon Baba ya fara rauni, hannunsa na rawa, sai ya riƙa kirana in juya masa da bakin ƴar wuƙa. Ya ce, "Da na farko ki fara tsayar da hoto, kada ki nemi launi hoto na gudu. Sannan na biyu, a hankali. Ki duba ciyawar filin. In ta yi koren gero a tsakiyar damina, ki cire hannunki. In kin zarce, ja zai malale bisa fuskokin mutane. Na uku na haske ne."

Hannuna ya karɓa. Kafin shekara har daga garin Buza ake aiko a ɗauke ni, mace mai gishiri, in je in gyara hoto.

Ga inda Shaiɗan ya shigo. Wata rana na gama gyara wa wani a Sabon Gida, sai na bar sukurun farko bai zauna sosai ba, don zafi ya motsa shi a sake kirana. Aka kuwa sake kirana. Na ji daɗi, ban ji kunya ba.

Daga nan sai na lura akwatin da ya ƙone, Baba yakan kwashe kayan cikinsa ya jefar da ƙwaryar bayan rumfa, da wayoyinta. Na tsinci ɗaya, na ji ba nauyi. Na sari kantu daidai cikinta, na naɗe da tsumma, na cusa, na rufe. Nauyi ya zo daidai da na gaskiya. Na sayi mai kyau guda ɗaya, shi nake gwada wa mutane a telen masu rumfar wasa. Su ga launi, su yi kabbara, in ce bari in ɗaure muku a ƙyalle saboda ƙura. Cikin ɗaurin nake musanyawa. Yau Keita, jibi Buza, kowace kasuwa da lulluɓin da nake sawa. Kuma na fi son wanda bai riga ya sayi tele ba, don kafin ya gwada na yi nisa.

A kasuwar Keita wata mata ta same ni, Tsahara, mutuniyar Garhanga. Tafin hannunta duk kanta, don shekaru ta yi tana ɗaukar duwatsu a aikin tare ruwa. Ɗanta Idi magidanci ne, shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana ƙarami, ba ya noma. Ta sayar da awakinta duka ta sai masa injin wasa, saura akwati. Tele da gurup, injin ba da wuta, ƙaninta zai kawo in ya dawo daga cirani, farkon damina.

Ta ce, "Yaya, ni ban san abin ga ba. Ke na riƙe. Rumfar wasa nake so ya samu, ya ci da iyalinsa ko bayan raina."

Na ce, "Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki."

Na ɗaure mata gishiri. Har addu'a ta yi mini.

Ni da na tsufa cikin gishiri, na manta halinsa. Da rani shiru yake yi. Da iskar damina ta jiƙe, sai ya fara tsatsafa. Tsahara ta ɗauko akwatin daga cikin tukunyar da ta ɓoye shi, ta ga ƙyallen ya jiƙe, farin ruwa na bin waya. Ta ɗanɗana da harshe. Ba ta yi kuka ba. Ta bi kasuwanni tana tambaya, wace mai gyaran hoto ce ke sayar da kantu? Ba mu biyu ba ne.

Jandarma biyu suka tsaya gaban rumfata, ita tana bayansu. A birgadi, ofishinsu, aka fasa akwatin bisa tebur, gishiri ya watse. Kwamanda ya ce, "Madam, wanga na miya ne ko na tele?" Kowa ya yi dariya, ban da Tsahara, ban da Baba Daniyel da aka kira shaida. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Hannun nan ni na koya masa." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Aka kai ni gidan kaso. Damina biyu na yi. Ba zan ba ku labarin kwarkwata da tuwon da babu miya ba. Abin da ya fi cina shi ne labarin da ya iske ni: tele ta zo, gurup ya zo, Idi ya buɗe rumfa, samari suka leƙa suka ga baƙi da fari, suka watse. Matarsa ta koma surfe a gidajen mutane. Ran da na ji haka na ɗora goshi a ƙasa na tuba, na kuma yi wa kaina rantsuwa sai filin ƙwallon telen Idi ya yi kore da hannuna.

Da aka sake ni, ba wanda ke sayen gishirina. Na shiga lambunan albasa, dashe, cira, ɗauka, rani guda cur. Abin da na tara na kai wa Baba Daniyel. Ya sa aka kawo akwati daga Kwanni, ya buɗe shi gabana, ya ce, "Duba ciki da kanki, ki saba."

Na hau motar kasuwa zuwa Keita, saura na taka da ƙafa. Tsahara na daka. Ta gan ni, ba ta ajiye taɓarya ba.

Ta ce, "Gishiri ya ƙare mana kuwa. Kin kawo?"

Na ce, "Na cancanci wannan. Ki bar ni in taɓa tele, sannan ki kore ni."

Idi ya ce daga bakin rumfa, "Inna, bar ta. Amma a gabana za ta buɗe shi."

Na buɗe, na miƙa masa, ya leƙa, har ya shinshina. Aka ta da gurup. Hoto na ta hawa sama. Na sa wuƙa, na tsayar da shi. Na koma na biyu, na zarce, ja ya malale. Na dawo baya kaɗan kaɗan, sai ga ciyawa, koriya shar, ga masu jar riga, ga masu shuɗiya. Na cire hannuna. Sannan na kama hannun Idi na ɗora bisa wuƙar, na gwada masa sukuru ukun ɗaya bayan ɗaya har ya iya, don kada ya sake bukatar irina.

Tsahara ta daɗe tsaye tana kallo. Ta ce, "Awakina ba su dawo ba."

Na ce, "Ba su dawo ba."

Ta shiga ciki, ta fito da ƙwaryar ruwa, ta ajiye gabana. Kalmar yafiya ban ji ta ba sai bayan shekara uku, kuma duk shekara ina zuwa.

Yau ina ganinku da wayoyi, kuna wasa da mutanen da ba ku taɓa gani ba, kuna ta taɓe taɓe don hoto ya fito tsaf. Ku koya, sana'a ce. Amma wanda ya ce muku "ban san abin ga ba, kai na riƙe", ku ji tsoron Allah a kansa. Ni ba da gishiri na fara ba, da sukuru ɗaya na fara, wanda na bari bai zauna ba. In kun gyara, ku ɗaure shi tamau. In kun sayar, ku buɗe akwatin gaban mai shi.