Littafi na Uku na Yusha'u Mai Gyaran Keke

Yusha'u ƙanena ne, nono ɗaya muka sha, amma kan da Allah ya ba shi daban ne. Gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Birnin Gwari, gindin wata ɗorawa. Tun yana yaro, in ya fara ba da labari sai tuwo ya huce a hannun mutum.

Wajen shekarar saba'in da takwas, wani mai tallar littattafai, Mu'azu, ya fara zuwa a motar Kaduna duk Alhamis da akwatinsa. A cikin kayansa akwai wani siririn littafi da wani tsohon malamin makaranta ke bugawa a Zariya. Littafin na wasa ne. Mutum ɗaya zai riƙe shi yana faɗin inda aka iso, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a labarin ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi. In abin na sa'a ne sai a watsa wuri. Yusha'u ya ce ba za a ga wuri a tabarmarsa a ce caca yake yi ba. Sai ya ɓare gyaɗa ya ɗauki ɓawo huɗu. In suka kife ka shiga uku, in suka buɗe ka tsira.

Abokan wasansa biyu ne. Andrawus, Bagwari manomin doya daga Kusasu, shi ne maharbi a labarin. Jaji, Bafillatanin da ke kiwo a gefen daji, shi ne falke mai jaki. In kasuwa ta fara watsewa bayan la'asar sai su zauna. Inna Tasalla mai ƙosai tana gefe, ba ta wasa, amma ba abin da ke wuce ta.

Da fari littafin wata uku-uku yake fitowa. Sai ya koma wata-wata. Kafin a ankara na tara ya fito, su kuwa shekara guda ke nan suna cikin na biyu, a tsakiyar wani daji, don Jaji ba ya wuce itace sai ya tambayi sunansa, da ko jakinsa zai ci ganyen.

Ranar da Mu'azu ya kawo na tara, mai hoton jirgin ruwa a bango, Andrawus ya riƙe shi kamar jariri.

"Yusha'u, dubi teku! Duniya ta kai teku, mu muna nan muna jiran jakin Bafillatani ya gama kiwo."

Jaji ya ce, "Kai da ko kogin Mariga ba ka iya hayewa sai an riƙe maka hannu, ina kai ina teku?"

Andrawus ya ce, "In ba a sayi wannan ba, na daina zuwa."

"Ni kuma in aka tsallake dajin nan aka bar mini jaki a ciki, aradu ba ku ƙara ganina."

Inna Tasalla ta juya ƙosai ta ce, "Ikon Allah. Ƙartai da gemu za su ɓata a kan jakin takarda."

Yusha'u bai yi dariya ba. Ya san su. Kowa in ya faɗi magana ya faɗa ke nan, kuma ba wasan kaɗai zai mutu ba. Ban da tabarmar nan, ba inda manomin nan da makiyayin nan ke zama tare ba a kan ɓarnar shanu ba.

Ya tsuguna gaban akwatin. Ya ɗauki na uku, ya buɗe, ya ga an fitar da su daga dajin a shafi ɗaya tak. Ya ɗauki na tara ya shinshina tawadar, ransa na so. Mu'azu na ta zuga shi, "Malam, kwashi duka mana, na goma ma yana hanya." Yusha'u ya ce, "Malam Mu'azu, a gidanmu ba a fasa sabon rumbu da sauran hatsi a tsoho." Ya tura hannu can ƙasan akwati ya zaro littafin rubutu irin na 'yan makaranta, fari fat, ba ko baƙi ɗaya a ciki.

"Wannan zan saya. Ku ba ni Alhamis biyu."

Washegari ya tattara kayan aikinsa ya aje, ya hau keke ya shiga daji. Kwana tara ba a gan shi ba. Ya bi hanyar shanu, ya kwana a rugage, ya zauna da masu ɗebo zuma da tsofaffin maharba. Kowane rafi sai ya tambayi sunansa da Hausa, da Gwaranci, da Fillanci. Ya dawo ƙafa duk kaska, littafin kuwa ya cika har bango.

Ran Alhamis suka zauna, kowa na cin magani. Yusha'u ya buɗe littafinsa ya ce, "Kun fito daga kurmi. Ga wani dutse a hannun dama, ya tsage biyu, gamji ya tsiro a tsagar."

Andrawus ya ɗago kai. "Tsaya. Dutsen bayan gonar kakana ne wannan!"

"Ni ban sani ba. Maharbi, me za ka yi?"

"Kada kowa ya bi ta hagu, akwai ramin kura!"

Jaji ya ja jakinsa suka bi dama. Can suka iso bakin kogi, ya cika ya batse, ba a hango wancan ƙetaren. Yusha'u ya kwatanta rurin ruwan da bakinsa har masu kwashe kaya a kasuwa suka tsaya. Ga kwalekwale ɗaya, ba zai ɗauki jaki ba. Ya dubi Andrawus ya ce, "Ga tekunka. Shiga ka tafi, ko ka tsaya."

Ƙosan Inna Tasalla na ƙonewa, ba ta ko waiwaya ba.

Andrawus ya ce, "Zan ɗaura wa jakin igiya, in shiga jirgi in ja shi. Miƙo gyaɗar."

Ya watsa. Huɗu duka suka buɗe. Jaji ya yi tsalle ya rungume shi har malafarsa ta faɗi, yana cewa, "Bagwari, ashe kai mutum ne!"

Shekara shida suka yi a cikin wannan littafin, ba su ƙure dajin ba. Na Zariya kuwa a na goma sha huɗu ya tsaya, don ya yi wa masu sayensa sauri, sun kasa bin sa. Wata Alhamis Mu'azu ya aje akwatinsa a gindin ɗorawa, ya cire takalmi, ya ce ko akwai wurin mutum ɗaya. Andrawus ya matsa masa. Jaji ya ce ya zauna, amma da sharaɗi: shi zai riƙa ɗebo wa jaki ruwa.