Idanun Shagufta a Kan Lilon Dawakai

Duk wanda ya tashi a Gujranwala ya taɓa hawa dokin Ustad Karamat, har da waɗanda yanzu suka yi tumbi suna musu. Dawakai goma sha biyu ne na katako a kan lilon da ke juyawa a tsakiyar Lambun Gulnar, kuma shi ne mai yi musu fenti tun gashinsa baƙi ne ba da taimakon rini ba.

Da can manyan motoci yake wa ado a bakin titin Lahore: furanni, ɗawisu, tsaunuka masu ƙanƙara da bai taɓa takawa ba. Aikin sati biyu aka kira shi lambun. Ana saura kwana uku ya gama, sai wata yarinya ta kawo ƙannenta lilo, ta ja mayafi ta rufe fuska, idanu kaɗai a waje. Ta ga ya ƙura mata ido, ta ce, "Malam, dokin za ka duba, shi aka biya ka." Washegari aka wayi gari farar goɗiyar lilon tana da dogayen idanu masu kwalli, girar hagu a ɗan ɗage, kamar mai shirin yi wa mutum rashin mutunci. Sati biyu ya zama shekara talatin da takwas. Yarinyar kuma, Shagufta, ta zama matarsa, ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Kowace shekara kafin ƙaramar salla yakan kankare dawakan ya sake musu launi, amma idanun ba sa canzawa, sai ma suka bazu zuwa sauran sha ɗayan. Mai sayar da rake ya san na wa ne. Mai gadi ya sani. Ita kaɗai ce ba ta yarda ba.

"Baban Rubina," takan ce masa da sunan 'yarsu, "wannan hararar ta jaka ce ba tawa ba."

"To me ya sa jakar take tambayata inda na tsaya jiya?"

"Ci rotinka kafin ya huce, tsohon banza."

Sai fim ɗin Lattu ya fito, fim ɗin zane, labarin wani ɗan ɓauna shuɗi mai son ya tashi sama. Wata uku yana sinima, layi har ya wuce shagon mai soya jalebi, alkakin garin. Lattu ya hau jakar makaranta, ya hau buta, ya hau wandon jarirai. Yara suka riƙa zuwa lambu suna kallon dawakai kamar an ba su tuwon jiya, suna tambaya, "Ina Lattu?"

Manajan lambun, Taukir Sahib, mutum ne mai jin kukan yara, musamman idan iyayensu na tsaye kusa da tagar tikiti. Wata safiya mota ta sauke ɓauna goma sha biyu na roba, farare fat, tare da takardar kamfanin fim da ta nuna launin kowane sashe.

"Ustad, ga aiki. Yadda yake a takarda, ba ƙari ba ragi."

"Dawakaina fa?"

"Sun huta. Kai ma ai ka kusa."

Aka kwance su aka jingine bayan ɗakin janareta, kai a ƙasa ƙafa a sama. Karamat ya bi su da kallo. Katako ne, ya sani, katako kuma yana tsufa. Takardar ce ta dame shi. Idanun Lattu da'ira biyu ne farare da ɗigo a tsakiya, kamar soyayyen ƙwai. Babu gira, babu kwalli. A garin da uwa ba ta fitar da jaririnta ƙofar gida sai ta rambaɗa masa kwalli don bakin mutane, a ce a jera kyawawan 'ya'ya goma sha biyu a bainar jama'a da ido tsirara?

Ya shafa shuɗin yadda aka ce, ya yi ƙahon ruwan ɗorawa yadda aka ce. Da ya zo kan idanu, hannunsa ya bi hanyar da ya saba. Ya ƙulla wa kowanne ɗan baƙin ƙyalle a wutsiya, kamar yadda ake wa sabuwar mota don kau da bakin mutane.

Wakilin kamfani ya zo daga Lahore duba aiki, da takalmi mai ƙyalli. Ya zagaya lilon sau ɗaya ya tsaya.

"Kawu, wannan wace ce?"

"Lattu ne."

"Lattu namiji ne, shekararsa huɗu. Wannan kuwa kallona take kamar surukata."

Mai rake ya tuntsire da dariya har ya ƙware. Karamat ya yi bayanin kwalli da bakin mutane, wakili ya saurara da ladabi, ya ce aikin ya yi kyau ƙwarai, sai dai yara a Karachi da yara a nan dole su ga fuska ɗaya. Ya buɗe jakarsa ya fito da idanu ashirin da huɗu na sitika. Kafin la'asar an manna su a kan na Shagufta, ɗaya bayan ɗaya, Karamat na tsaye da burushi a hannu. Da lilon ya fara juyawa, yara suka yi ta ihu suna rungumar wuyan Lattu. Ya ga murnarsu ta gaske ce. Abin da ya fi masa ciwo ke nan.

Kwana biyu bai taɓa abinci ba. Ya ce ciki ne. A rana ta uku mai rake ya biyo ya faɗa wa Shagufta komai, har da cewa mai gidan burodi zai kwashe dawakan ya hura tanda. Ta yafa mayafi ta nufi lambun.

Abin da ta faɗa wa Taukir Sahib a ofishinsa, mai gadi ya ji ta taga, amma har yau ya ƙi maimaitawa, ya ce yana da 'ya'ya. Da azahar dai amalanken jaki ya shigo lungunsu ɗauke da farar goɗiya, Shagufta a zaune gefenta tana riƙe da wuyanta kamar mai rakiyar amarya.

"Kada ka ɗauka wani abu ne," in ji ta. "Igiyar shanyata ce ta tsinke."

Goɗiyar na nan a tsakar gidansu, zannuwa a bayanta, barkono na bushewa a kan sirdi. Rana ta ci fentin fuskarta, don haka da salla ta matso ya fito da gwangwanayensa, ya ce wa matar ta zauna a gabansa, shekara talatin da takwas daga ka yake zanawa, yau yana so ya duba.

Ta zauna tana mita. Yanar ido ta rufe mata na dama, ga tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya daɗe yana kallo.

"To? Ko sitika za a kawo maka?"

"Ɗaga girar."

"Ba na ɗaga gira, ban taɓa ba."

Girar hagu ta ɗaga. Ya tsoma burushi.

"Ka sa mata tabarau ɗin ma," in ji ta, "kada mutane su ce wata ce."